Rubutun kuskuren ACPI a lokacin kunna Linux da ɓacewar Wi-Fi: akwai haɗi tsakaninsu?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na sayi laftof ta hannu, na cire Windows na saka mata Linux Mint 20.3 daga filashin wani abokina saboda karatun da muke yi. Duk sanda na kunna ta, kafin tambarin Mint ya fito, sai layuka uku ko huɗu su bayyana a baƙin allo, suna farawa da ACPI BIOS Error, a ƙarshensu kuma akwai AE_NOT_FOUND. Bayan haka tana shiga lafiya, sai dai Wi-Fi babu shi kwata-kwata, alhali yana aiki lokacin da take kan Windows. Wani ya ce in rubuta acpi=off a GRUB, wani kuma ya ce BIOS ɗin ne ya lalace, in mayar wa mai shago kayarsa. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna. Yadda na fahimci tambayarka, abubuwa biyu ne suka same ka a rana ɗaya, wato rubutun da ke fitowa a baƙin allo da kuma Wi-Fi da ya ɓace, kuma da yake tare suka zo, sai zuciya ta ɗauka ɗayan ne ya haifi ɗayan. A mafi yawan laftocin da suka biyo ta hannuna da irin wannan ƙorafi, babu abin da ya haɗa su. Rubutun ya fi ban tsoro a ido, amma shi ne mai sauƙin lamari. Matsalar Wi-Fi kuwa ba ta rubuta komai a allo ba, kuma ita ce ke buƙatar aiki.

Abin da ke faruwa a daƙiƙun farko

Idan ka danna maɓallin kunnawa, manhajar da kamfanin laftof ya dasa a jikin allonta ce ke fara tashi, wadda har yanzu muke kira BIOS ko da yake a sababbin kwamfutoci UEFI ce. Ita ke miƙa ragama ga GRUB, ƙaramar manhajar da ke tayar da Linux, shi kuma ya ɗora kanel, wato zuciyar Linux, ɓangaren da ke magana kai tsaye da kayan cikin kwamfuta. Kanel ba ya zuwa da sanin laftof ɗinka. Ba shi da labarin inda batir yake, ko yadda ake ƙara gudun fanka, ko abin da zai yi idan an rufe murfi. Wannan bayani BIOS ne ke ba shi, ta wani tsari mai suna ACPI, wanda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, teburorin ACPI, wato ma'ajin wannan bayani a cikin BIOS, musamman DSDT da 'yan rakiyarsa SSDT, ba jerin sunaye ba ne kawai. Ƙananan manhajoji ne da ma'aikatan kamfanin laftof suka rubuta, kuma kanel yana da tafinta a cikinsa da ke karanta su yana aiwatarwa layi bayan layi. Duk manhajar da ɗan Adam ya rubuta kuwa ana samun kuskure a cikinta. Sau da yawa kamfani kan rubuta teburi ɗaya don laftoci iri-iri, wata mai katin hoto biyu, wata mai ɗaya, wata mai na'urar karanta zanen yatsa, wata babu. Idan teburin ya ambaci sunan wani abu da babu shi a taka, tafintan kanel zai neme shi ya rasa, sai ya rubuta Could not resolve, ya rufe da AE_NOT_FOUND, ma'ana an kira suna ba a amsa ba. Daga nan ya tsallake wannan layi ya ci gaba da aikinsa, shi ya sa laftof ɗin ke shiga lafiya.

Wannan kuskure yana nan tun ranar da aka fito da ita daga masana'anta. Windows ba ta nuna maka shi ba ne kawai, kuma kamfanonin a kan Windows suke gwada kayansu, idan ta tashi lafiya sai su sallama. Hasali ma, saboda haka ne idan BIOS ya tambayi kanel na Linux ko shi ne "Windows 2015", sunan da ACPI ya san Windows 10 da shi, sai ya amsa da e, domin a bi da shi ta hanyar da aka gwada. Saboda haka mai shago ba shi da abin da zai gyara maka a nan, kuma idan ya canza maka da wata irinta, rubutun nan zai biyo ka.

Dalilin da ya sa waɗannan layuka kaɗai kake gani shi ne kanel yana rarraba saƙonninsa mataki takwas, daga 0 na halin gaggawa zuwa 7 na masu binciken manhaja. Mataki na 3 shi ne kuskure, na 4 gargaɗi. Mint na kunnawa da kalmar `quiet`, wadda ke ɓoye duk abin da ya kama daga 4 zuwa sama, don haka daga cikin ɗaruruwan layukan da kanel ke rubutawa yayin tashi, 'yan ƙalilan masu lambar kuskure ne ke isowa idonka, ba tare da na gabansu da na bayansu da za su ba su ma'ana ba.

Akwai hanyar da za ka san ko naka rubutun ya shafi wani abu mai amfani. Ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `journalctl -k -b -p err`, za ka ga layukan a tsanake. A cikin kowane layi akwai suna mai kama da `\_SB.PCI0`, sai wasu gaɓoɓi a bayansa da ɗigo ya raba, kowace ba ta wuce harafi huɗu ba. Gaɓoɓin ƙarshe su ne ke faɗa maka wurin da abin ya faru: BAT0 batir ne, GFX0 katin hoto, XHC mai kula da ramukan USB, EC0 ƙaramin guntun da ke kula da caji da maɓallai, abin da ya fara da _TZ kuma ya shafi awon zafi. Sai ka gwada wannan ɓangaren. Idan sunan ya nuna batir, ka duba ko kason caji na motsi. Ka rufe murfi ka buɗe, ka ƙara haske ka rage, ka saurari fanka idan laftof ta ɗauki zafi, ka kashe ta ka ga ko ta mutu gaba ɗaya. Idan duk waɗannan na aiki, rubutun ba shi da wata illa a gare ka. Ƙa'idar da nake bi a aikina ita ce, ba na bin saƙon kuskure sai na samo wani abu da ya ƙi aiki wanda zan iya ɗaura shi da shi.

Batun acpi=off

Wanda ya ba ka wannan shawara ya yi gaskiya ta fuska ɗaya: rubutun zai ɓace. Zai ɓace ne domin ka hana kanel karanta teburorin gaba ɗaya, kuma tare da shi za ka rasa alamar batir, da barcin laftof idan an rufe murfi, da maɓallan haske. A laftoci da yawa kanel zai koma aiki da ƙwaya ɗaya tak ta furosesa, idan ka umarci laftof ta kashe kanta kuma sai ta tsaya da allo a kunne har sai ka danne maɓalli, wasu ma ba za su tashi ba sam. Wi-Fi kuwa ba zai dawo ba. An bar jaki ke nan ana dukan taiki. Masu gyara na amfani da wannan kalma ne sau ɗaya, don gwaji, a kan kwamfutar da ta ƙi tashi, ba don a zauna da ita ba.

Idan ganin rubutun ne kawai ke damun ka, bayan ka tabbatar komai na aiki, ka buɗe fayil ɗin `/etc/default/grub`, ka ƙara `loglevel=3` a bayan `quiet splash`, sannan ka rubuta `sudo update-grub`. Wannan ɓoyewa ce, ba gyara ba, kuma ni a tawa laftof ban yi ba, domin na fi son ranar da sabon layi ya bayyana in gan shi.

Gyara na haƙiƙa yana hannun kamfanin da ya yi laftof, ta hanyar sabunta BIOS, kuma wani lokaci sabon BIOS ɗin ma yakan zo da kuskuren. Ba na ba da shawarar a yi shi don rubutu kawai. Laftof ta hannu galibi batirinta ya gaji, idan kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS kuma batir bai riƙe ba, to a nan ne za ka sami lalataccen BIOS na gaske, wanda sai an buɗe laftof an sake rubuta guntun da na'ura ta musamman.

Inda Wi-Fi ya maƙale

Kafin Wi-Fi ya yi aiki a Linux sai an wuce ƙofa huɗu a jere: kanel ya ga katin, ya kasance yana da direban da ya san katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, direban ya sami ƙaramar manhajar da ake loda wa katin, wadda masu gyara ke kira famwaya, sannan kada wani abu ya toshe rediyon. Umarni ɗaya ne zai nuna maka ƙofa biyun farko: `lspci -nnk`. Ka nemi layin da ke ɗauke da Network controller. A ƙarshensa akwai lambobi biyu da ɗigo biyu ya raba. Ta farko ta kamfanin da ya ƙera guntun ce, ta biyu ta samfurin. 8086 Intel ne, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c kuma Atheros. Da waɗannan lambobi kanel ke zaɓar direba, ba da sunan da aka rubuta a murfin laftof ba, kuma laftoci biyu masu suna ɗaya na iya ɗaukar kati daban-daban. A ƙarƙashin layin ka duba ko akwai Kernel driver in use. Idan babu, an ga katin amma babu mai jan sa.

Zatona ya fi karkata nan, saboda abin da ka faɗa game da filashin abokinka. Mint 20.3 an gina shi ne a kan Ubuntu 20.04, kuma yana zuwa da kanel 5.4, wanda ya fito a ƙarshen 2019. Za ka iya tabbatarwa da `uname -r`. A Linux, yawancin direbobi a cikin kanel suke zaune, ba a sauke su ɗaya-ɗaya daga shafin kamfani kamar a Windows, don haka shekarun kanel su ne ke yanke irin kayan da zai gane. Misalin da na fi cin karo da shi a laftoci masu sauƙin kuɗi shi ne katin Realtek RTL8821CE, mai lamba 10ec:c821. Direbansa, a cikin dangin rtw88, sai a kanel 5.9 ya shiga, wato bayan naka. Ko a lokacin ma ba kowane nau'in katin ya ɗauka ba, masu wani nau'in sun riƙa ganin `rfe 2 isn't supported` har zuwa 5.12. Idan wannan ne katinka, kanel 5.4 ba zai rubuta maka kuskure ko ɗaya a kansa ba, domin babu direban da zai yi ƙorafin. Shiru kawai za ka ji, kuma wannan shirun ne ke sa mutane su ɗora laifin a kan rubutun da suke gani.

Kana buƙatar intanet kafin ka gyara intanet, amma wannan ba matsala ba ce. Ka haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna raba data ta USB a saitinta, Mint zai ɗauke ta kamar wayar intanet ta ofis ba tare da ka saka komai ba. Daga nan hanya biyu ce. Gajeriyar ita ce ka buɗe Update Manager, ka shiga sashen kanel, ka ɗora 5.15, ka sake kunnawa; tsohon kanel yana nan a jerin GRUB idan sabon bai yi maka ba. Doguwar, wadda na fi so, ita ce ka bar 20.3 gaba ɗaya, domin tun 2025 aka daina aiko masa da gyaran tsaro. Mint 22 ya fito a 2024 da kanel 6.8, kuma za a kula da shi har 2029. Saukewar ta kusa gigabait 3, na san ba ƙaramar data ba ce ga ɗalibi, amma kuna iya haɗa kuɗi ku sauke sau ɗaya, shi ma abokin naka ya sabunta filashinsa. Kafin ka goge komai, ka tashi laftof daga filashin ka duba ko sunayen Wi-Fi sun bayyana. Gwajin minti biyar ne, kuma ya fi duk wani hasashe da zan yi daga nesa.

Za ka ga wasu na cewa a saka direba daga waje ta hanyar DKMS, tsarin da ke gina wa kanel direban da ba ya cikinsa, kuma ga wannan kati akwai kunshin `rtl8821ce-dkms` a rumbun Ubuntu 20.04. Yana aiki, sai dai ana sake gina shi duk sanda kanel ya canza, kuma idan Secure Boot, wani tsarin tsaro na BIOS, na kunne, kanel ba zai karɓi direban da ba a sa masa hannu da makullin da ya yarda da shi ba, sai ka ga `Key was rejected by service`. Umarnin `mokutil --sb-state` zai gaya maka ko yana kunne. Tunda direban ya riga ya shiga kanel, ban ga dalilin ɗaukar wannan wahala ba. Wanda ba shi da mafita shi ne mai wasu katunan Broadcom, irin BCM43142, da ke buƙatar direban kamfanin. Shi sai ya bi ta Driver Manager na Mint.

Idan kuwa ka ga akwai direba a ƙarƙashin layin amma Wi-Fi bai fito ba, ka rubuta `sudo dmesg | grep -i firmware`. Layi mai cewa Direct firmware load failed with error -2 yana nufin an nemi fayil ba a same shi ba, domin 2 ita ce lambar "babu wannan fayil" a Linux, kuma sake saka kunshin `linux-firmware` kan wadatar. Ƙofa ta huɗu ana duba ta da `rfkill list`. Soft blocked toshewar manhaja ce, `rfkill unblock all` na buɗe ta. Hard blocked kuwa daga maɓallin jirgin sama ne, ko ɗan makunni a gefen laftof, ko saitin cikin BIOS. A nan kaɗai ne maganar ACPI ke iya haɗuwa da Wi-Fi da gaske, domin ta ACPI ake sanar da kanel halin wannan maɓalli, kuma an sha samun laftocin da ba su da makunnin amma ake gaya wa kanel a kashe yake. Idan ka ga Hard blocked: yes kuma babu maɓallin da ya sauya shi, to ka dawo mini da layukan ACPI ɗin, sun zama abin dubawa.

Wani lokaci duk ƙofofin a buɗe suke amma aikin bai yi kyau ba. An taɓa kawo mini wata laftof da ba ta ganin Wi-Fi sai an jingina waya da jikinta. Da an matsa taku uku sai sigina ta ɓace. Babu kuskure ko ɗaya a dmesg, wato rajistar saƙonnin kanel. Da na kwance murfin ƙasa, sai ga katin, bai kai kwalin ashana ba, da 'yan maɓallai biyu masu ruwan zinare a bakinsa, an rubuta 1 da 2, amma siririyar baƙar wayar eriya guda ɗaya ce tak, a maƙale a ɗaya daga ciki. Direban yana saurare ne ta ɗaya bakin da babu komai. Direban wannan katin, rtl8723be, yana da zaɓi don wannan matsala, na rubuta `options rtl8723be ant_sel=2` a wani fayil cikin `/etc/modprobe.d`, na sake kunnawa, sai ga Wi-Fi na maƙwabta sun cika jerin.

Saƙonnin da ya kamata su tayar maka da hankali

Tunda laftof ta hannu ce, yayin da kake karanta rajistar kanel ka sa ido kan wasu layuka da suka fi na ACPI nauyi nesa ba kusa ba. Duk layin da ya fara da ata1.00 ya ambaci failed command: READ FPDMA QUEUED, ko wanda ya ce I/O error, dev sda, sector, maganar faifan ajiya yake yi. Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa wurina saboda rubutun ACPI irin naka, muna dubawa sai na hango irin waɗannan layuka a ƙasa, waɗanda shi bai kula da su ba domin ba sa fitowa lokacin kunnawa. Muka saka `smartmontools`, manhajar duba lafiyar faifai, muka rubuta `sudo smartctl -a /dev/sda`, layi mai lamba 197, Current_Pending_Sector, wato adadin gurabun faifan da suka ƙi karantuwa, ba sifili ba ne. A daren muka kwashe takardunsa zuwa wani faifan, washegari lambar ta ƙaru. Ka duba naka, har da layi mai lamba 5, na gurabun da suka lalace aka musanya, ko da ba ka ga kuskure ba.

Haka nan Machine check events logged, idan yana maimaituwa, yana nuna furosesa ko ƙwaƙwalwar RAM ko zafi, kuma gwajin RAM da manhajar Memtest86+ na dare ɗaya zai taimaka wajen rarrabewa. Temperature above threshold galibi ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, magani buroshi ne da iska. Kernel panic mai cewa Unable to mount root fs yakan biyo bayan sabuntawar da ta katse a tsakiya. Ka danna Esc ko Shift yayin tashi, ka zaɓi tsohon kanel daga GRUB. Sai kuma PCIe Bus Error mai severity=Corrected: an riga an gyara kuskuren a kan hanya, amma a wasu laftoci masu katin Realtek yakan riƙa zuba dubbai har rajistar ta cinye faifai. Kalmar `pci=noaer` na rufe bakinsa, `pcie_aspm=off` kuma kan taɓa tushen abin amma ta ƙara cin batir. Kowace irin wannan kalma, ka fara gwada ta sau ɗaya: a GRUB ka danna e, ka ƙara ta a ƙarshen layin da ya fara da linux, ka danna F10. Da an sake kunnawa ta goge kanta, don haka ba za ka kulle kanka a waje ba.

Duk abin da na faɗa game da katinka hasashe ne da na gina a kan kanel 5.4 da irin laftocin da na saba gani, tunda ban riƙe taka a hannu ba. Ka turo mini abin da `uname -r` da `lspci -nnk` da `rfkill list` suka fitar, tare da layukan ACPI ɗin cikakku, ko da hoto ne ka ɗauka da waya. Idan `lspci` bai nuna Network controller ba, ka duba `lsusb`, domin wasu katunan ta USB aka haɗa su a ciki. Idan nan ma babu, har a kan filashin Mint 22, kuma ka leƙa saitin BIOS ka ga ba a kashe Wi-Fi ba, to kanel bai ga katin ba ke nan, ko ya zame daga raminsa ko ya mutu. A wannan hali ne za ka koma shago, ka ce a buɗe murfin ƙasa a gabanka, a zare katin a goge bakinsa a mayar, idan bai tashi ba a sa wani, kuma in da hali ka nemi na Intel.